Biri da Jakar Maganin Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Tun ranar da aka haifi ƙanenta kowa a gidan yake kiranta Yaya, har Mama da Baba. Shi kuma ƙanen ana ce masa Auta.

Babansu tela ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka, sai tulin ƙyallaye a lungu. A jikin bango akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton wani ruwa da ke zubowa daga kan dogon dutse, fari fat kamar an warware bandir ɗin yadi.

Duk ranar da Yaya ta kai wa Baba abinci sai ta tsaya tana kallon hoton.

"Baba, da gaske akwai wurin nan?"

"Akwai mana. Yana cikin gandun dajin da ke can kan duwatsu. Ki ci jarrabawa in kai ku."

Yaya ta ci jarrabawa. Baba kuwa ya cika alkawari.

Ranar tafiya da safe Mama ta baje kaya a tsakar ɗaki. Ga rigunan sanyi, ga kwandon abinci, ga gorar ruwa. Daga ƙarshe ta ɗauko wata 'yar jaka rawaya wadda Baba ya ɗinka da ragowar yadi. A cikinta ake ajiye maganin Auta.

Auta yana da asma. Idan ta tashi, numfashi yakan yi masa wuya. Maganin ɗan ƙaramin gwangwani ne shuɗi. Ana fesa masa a baki ya shaƙa, sai ƙirjinsa ya buɗe.

"Mama, ni zan riƙe jakar," in ji Yaya.

"Ke? Ke da kika taɓa barin takalminki a makaranta kika dawo gida da safa?"

"Wannan ai tun ina ƙarama ne. Yanzu na girma."

Mama ta ɗan dube ta, sannan ta rataya mata jakar a wuya.

"To, na ba ki amana. Kar ki cire ta ko da wasa. Ɗayan ya ƙare, wannan kaɗai ya rage mana."

Da Mama ta juya, Yaya ta cusa ayaba biyu cikin jakar, saboda hanya.

Tsohuwar motar Baba ta yi ta hawa tana nishi. Hanyar sai lanƙwasa take yi, daga wannan kwana zuwa waccan. Kunnuwan Yaya suka toshe, suka buɗe. Iska ta yi sanyi.

"Baba, duba, gajimare ya sauko ƙasa," in ji Auta.

"Ba shi ya sauko ba, mu ne muka hau wurinsa."

A ƙofar gandun akwai wani gini na katako. Wata mata cikin koren kayan aiki ta fito ta tarbe su. Ita ce jagorar da za ta raka su. A ƙugunta akwai rediyon oba-oba da take magana da abokan aikinta.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "Kafin mu shiga, ku ji. Ba a barin hanya. Ba a tsallake igiyar da ke gefe. Sannan akwai birai da yawa, kar wanda ya ba su abinci."

"Anti, don me?" Auta ya tambaya. "Ba sa jin yunwa?"

"Dajin nan cike yake da abincinsu. Idan suka saba karɓa daga hannun mutum, sai su koma ƙwace. Kun ji?"

"Mun ji," in ji yaran.

Suka shiga daji. Bishiyoyin dogaye ne, har sun tare rana. Gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Suka ƙetare wata gada ta katako, daga nan hanya ta zama matakala ta dutse, siririya, mai santsi. Daga nesa ana jin wata ƙara kamar ta babbar mota da ba ta tsayawa.

"Ruwan ke nan," in ji jagora.

Da suka yi nisa da hawa sai suka iso wata rumfa ta hutawa. Baba ya sauke Auta daga kafaɗarsa. Jagora ta ja su gaba kaɗan tana nuna musu wata bishiya mai ƙaton gindi. Yaya ta zauna ita kaɗai a kan benci a bayan rumfar.

Can ta ji motsi. Wani ɗan ƙaramin biri ne zaune a kan reshe. Fuskarsa ba ta fi tafin hannun Auta ba. Ya karkata kai yana kallonta, ya miƙo hannu.

Yaya ta waiga. Ba mai kallonta.

"Ɗan gutsure kawai," ta ce a ranta. "Wannan ɗan mitsitsin me zai iya yi?"

Zif ɗin jakar ya cije. Sai ta cire ta daga wuya, ta ɗora a cinya, ta buɗe. Ta ɓare ayaba ta miƙa masa. Ya karɓa da 'yan yatsunsa ya cinye. Yaya ta ji daɗi, ta ƙara masa.

Sai rassan da ke sama suka fara girgiza.

Kafin ta ɗaga kai, wani babban biri ya diro kan bencin. Ya damƙi jakar. Yaya ta riƙe igiyar jakar ta ja. Birin ya wage baki, ya nuna mata haƙora dogaye. Ta saki.

Tsalle ɗaya ya haye bishiya. Daga wannan reshe ya faɗa wancan, ya ƙetare wani rami mai zurfi, ya ɓace cikin ganye da jakar a hannunsa.

Yaya ta miƙe tsaye.

"Yaya, taho mana, za mu wuce," Mama ta kira ta.

Da sauri ta ja zif ɗin rigar sanyinta har wuya, sannan ta fito.

Mama ta dube ta. "Jakar tana cikin rigar?"

Yaya ta gyaɗa kai.

"Yauwa, kin yi dabara. Kar ta jiƙe."

Suka ci gaba da hawa. Yaya tana bayansu. Ta buɗe baki za ta kira Mama, ta fasa. Idan ta faɗa, za a juya a koma. Ba wanda zai ga ruwan, kuma duk saboda ita.

"Ai ya daɗe ciwon bai tashi ba," ta ce wa kanta. "Mu gani mu sauka. A mota zan faɗa."

Suka sha wata kwana, sai ga ruwan a gabansu.

Ya fi na kalandar nesa ba kusa ba. Daga can ƙololuwar dutse yake zubowa, ya faɗa cikin wani tafki da ƙarar da ke girgiza ƙasa. Feshinsa ya cika wurin kamar hayaƙi. Akwai wani dandamali mai shingen ƙarfe inda mutane suke tsayawa.

Baba ya cire hula ya riƙe. Mama tana ta murmushi. Auta kuwa sai zagaye yake yi, ya buɗe baki yana tarar feshin ruwan da harshe.

Yaya ta kasa kallon ruwan. Auta take kallo.

Feshin yana da sanyi ƙwarai. Iska tana kaɗo shi kan fuskokinsu. Ba a daɗe ba Auta ya yi tari. Ya sake yi. Sai ya daina gudu, ya dafa shingen.

"Auta, zo nan," in ji Mama.

Ta durƙusa ta kara kunne a ƙirjinsa. Ko Yaya da ke gefe tana jin wani siririn fito yana fita duk lokacin da ya ja numfashi.

Mama ta miƙo hannu ba tare da ta waigo ba.

"Yaya, miƙo maganin."

Yaya ba ta motsa ba.

"Ki yi sauri mana."

"Mama..." in ji Yaya. "Babu."

Mama ta juyo. "Babu kamar yaya?"

Yaya ta zuge rigarta. Ba komai a wuyanta.

"Biri ya ƙwace. Na ba wa wani ƙarami ayaba, sai babba ya zo ya ɗauke jakar."

"Tun yaushe?"

"Tun a rumfa."

"Tun a rumfa," Mama ta maimaita a hankali. "Na tambaye ki kika ce tana nan."

Hawaye suka zubo wa Yaya.

Baba ya ɗauki Auta ya rungume shi a tsaye. "Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Malama, akwai asibiti kusa?"

"Akwai ɗakin magani a bakin ƙofa," in ji jagora. "Ku fara fitar da shi daga cikin sanyin nan."

Ta zaro oba-oba ta yi magana. Ƙarar ruwa ta hana ta jin amsa. Ta ruga bayan wani dutse, ta toshe kunne ɗaya, ta sake kira. Yaya tana ganin bakinta yana motsi, ba ta jin abin da take cewa.

Jagora ta dawo. "Malamin asibiti zai taho a kan babur da magani. Amma babur ba ya hawa matakala. Iyakarsa gada. Dole mu sauka mu same shi."

Mama ta goge wa Auta fuska, ta lulluɓa masa mayafinta. Suka kama sauka.

Sauka ta fi hawa wuya. Matakalar jiƙe take. Baba yana taka ta a hankali, hannu ɗaya riƙe da Auta, ɗaya riƙe da igiyar gefe. Mama tana bayansa tana yi wa Auta magana.

"Shaƙa a hankali. Yauwa. Saki. Ina nan tare da kai."

"Mama... ƙirjina..."

"Na sani. Kar ka yi magana. Shaƙa kawai."

Ba su yi nisa ba suka ji hayaniya daga ƙasa. Ɗaliban wata makaranta ne suke hawowa, sun cika hanya, suna waƙa suna ture-ture. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere.

Jagora ta dafa kafaɗar Yaya. "Share hawayenki, akwai aiki. Ni zan tare babanki kar ya zame. Ke ki wuce gaba kaɗan, inda zan riƙa ganinki, ki sa su ba mu hanya. Za ki iya?"

"Zan iya."

Yaya ta sauka ta tsaya a tsakiyar hanya. Da farko muryarta ba ta fita ba. Ɗaliban duk sun girme ta. Wani ma ya ce, "Ke, matsa mana."

Ta waiga ta ga kan Auta a kafaɗar Baba. Sai ta ɗaga hannu biyu ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Don Allah ku ba da hanya! Ƙanena ba ya iya numfashi!"

Waƙar ta tsaya. Malaminsu ya leƙo ya ga abin da ake ciki.

"Kowa ya manne da dutse," ya ce. "Ku faɗa wa na baya."

Ɗaliban suka jeru a gefe. Maganar ta bi layi har ƙasa. Yaya tana gaba tana cewa, "Hanya, don Allah, hanya." A wani wuri ƙafarta ta zame, gwiwarta ta bugi dutse. Ta tashi ba ta ko duba ba.

Da suka zo rumfar hutawa, Baba ya tsaya ya canja hannu. A nan Yaya ta hango wani abu rawaya can ƙetaren ramin, yana reto a kan reshe. Jakar ce, a yage.

"Baba, ga ta can! Bari in ɗauko."

Har ta ɗaga ƙafa za ta tsallake igiya.

"Dawo nan," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, amma ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. "Ɗaya nake ɗauke da shi. Kar ki sa su zama biyu."

Ta janye ƙafarta. Suka ci gaba.

Yanzu Auta ya daina kiran Mama. Kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka da sauri. Idanunsa a buɗe suke, amma ba ya kallon kowa. Mama tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Zufa ta jiƙa rigar Baba duk da sanyin da ake yi.

Daga ƙarshe suka hango gadar. Yaya ce ta fara isa. Ta duba hagu, ta duba dama. Ba kowa.

"Anti, bai zo ba."

"Yana hanya. Akwai laka, sai a hankali."

Baba ya zauna a bakin gadar, ya zaunar da Auta a cinyarsa, ya ɗan sunkuyar da shi gaba yadda likita ya koya musu. Yaya ta durƙusa ta riƙe hannun ƙanenta. Hannun ya yi sanyi.

"Auta, ka yi haƙuri," ta ce. "Dubi fuskata. Mu ja tare. Haka. Mu saki tare."

Ya dube ta. Ya ja kaɗan, ya saki. Fiton yana nan.

Ruwan ƙarƙashin gada kawai ake ji. Yaya ta kasa kunne har kunnuwanta suka fara yi mata ƙara.

Sai ta ji wani abu daga nesa. Ta miƙe.

"Babur ne. Baba, babur ne."

Malamin asibiti ya fito daga cikin bishiyoyi, wandonsa duk laka. Ko kashe babur ɗin bai tsaya yi ba. Ya buɗe akwatinsa, ya zaro gwangwani shuɗi irin na Auta, ya haɗa shi da wata roba, ya kara masa a baki.

"Yaro, ja. Yauwa. Ƙara ja."

Ya fesa, ya jira. Ya sake fesawa, ya jira. Yaya ta dunƙule hannu. Da farko ba abin da ya canja.

Sannu a hankali kafaɗun Auta suka rage sauri. Fiton ya yi ƙasa. Ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, sannan ya fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi," in ji Mama, ita ma tana hawaye. "Yi kukanka. Mai kuka ai yana da numfashi."

Aka kai Auta ɗakin magani da ke bakin ƙofa. Ɗaki ne ƙarami, gado ɗaya da farin zanen gado, sai kabad ɗin magunguna. Malamin asibiti ya sa masa abin shaƙar iska a hanci, ya ce a bar shi ya huta. Ya kuma wanke wa Yaya gwiwa ya ɗaure mata.

"Ya tsallake," ya gaya wa Baba. "Amma gobe ku kai shi wurin likitansa."

Yaya ta fita ta zauna a kan dakali. Jagora tana tsaye a wurin. Yaya ta sunkuyar da kai.

"Anti, ki yafe mini. Kin hana, na yi."

"Na yafe miki," in ji jagora. "Abokan aikina sun tafi da doguwar gora su ciro jakar. Kin ga, shi ma birin maganin zai iya cutar da shi. Ayaba ɗaya ce, amma dubi mutum nawa ta tayar."

Can Mama da Baba suka fito. Mama ta zauna kusa da Yaya.

"Kin san abin da ya fi ɓata mini rai?" ta tambaya.

"Na ba wa biri ayaba."

"Wannan laifi ne. Amma ba shi ya fi ba."

"Na ɓoye. Na yi miki ƙarya."

"Shi ne. Da kin faɗa tun a rumfa, da mun juya. Da ba mu kai shi cikin sanyin nan ba magani ba."

"Na ji tsoron a fasa ganin ruwan. Kuma na ji tsoron faɗa."

"Faɗa zan yi miki, ya wuce," in ji Mama. "Ruwa kuma yana nan, ba inda za shi. Amma Auta guda ɗaya gare mu."

Yaya ta kifa kai a cinyar Mama ta yi kuka sosai. "Ba zan ƙara ba. Ku yafe mini."

Mama ta shafa mata baya. "Mun yafe."

"Na kuma ga abin da kika yi a matakala," in ji Baba. "Wannan ma ba zan manta ba."

Daga cikin ɗaki suka ji wata 'yar murya. "Yaya."

Ta shiga da sauri. Auta yana zaune a kan gado, ya jingina da filo. Fuskarsa ta dawo daidai.

"Yaya, wai birin nan ma asma gare shi?"

"Me ka gani?"

"To me zai yi da maganina?"

Malamin asibiti ne ya fara dariya. Baba ya kama, Mama ta kama. Yaya tana dariya tana share hawaye. Ta hau gadon ta rungume ƙanenta.

Da rana ta yi sanyi suka kama hanyar gida. Malamin asibiti ya ba su magani na hanya. Auta ya yi barci a cinyar Yaya, ita kuwa tana sauraron numfashinsa yana shiga yana fita lafiya lau.

Daga ranar nan Yaya ta gane cewa ba don a hana yaro jin daɗi ake kafa doka ba, don a kare shi ne da waɗanda yake ƙauna. Ta kuma gane cewa idan mutum ya yi kuskure, ya faɗa nan take, tun ana iya gyarawa.